Mai Ciki da Cin Ƙasa: Tarihin Wata Mas'ala Tsakanin Likitoci, Malaman Hadisi da Malaman Fiƙihu

Ɗalibin da ya kai babin abincin da ya halatta a cikin Mukhtasar na Shehu Halil ɗan Is'haƙ (ya rasu 776H/1374M) yakan tarar an rufe babin da wata gajeriyar jimla wadda ta haɗa abubuwa biyu da ba su yi kama da juna ba, wato naman biri da yumɓu. Marubucin ya ce akwai zance biyu game da su a Mazhaba: wasu sun karhanta, wasu sun hana. A zaurukan karatu ba a cika daɗewa a wannan wuri ba. Malam ya fassara, almajirai su yi murmushi, a wuce zuwa babin layya. Amma wanda ya leƙa sharhohi da hashiyoyin da aka yi wa littafin zai ga cewa malaman baya sun tsaya a nan, sun rinjayar da hani a kan cin yumɓu saboda cutarwarsa ga jiki, sa'an nan suka keɓe mutum ɗaya daga wannan hani: mace mai juna biyu wadda ranta ya biya mata, kuma take tsoron abin da zai sami cikinta idan ba ta ci ba. Wannan keɓewa tana da tarihi mai tsawo, wanda ya ratso ta hannun likitocin Yunan da na Bagadaza da Ƙurɗuba, ya bi ta kasuwannin Naisabur, kafin ya zo ya zauna a gefen shafukan littattafan da ake karantawa a Kano da Sakkwato da Damagaram. Kuma tambaya ce mai rai, domin har gobe ana sayar da farar ƙasa a kasuwanninmu, kuma mata na aiko wa malamai tambaya a kanta.

Larabawa suna kiran kwaɗayin mai ciki *waham*, matar kuma *wahma*. Daga wannan saiwa ne aka samo sunan da ake kiran tabon da ake haihuwar jariri da shi a fata, irin wanda Hausawa ke cewa tawadar Allah, saboda an yi imani cewa abin da uwa ta yi marmari ba ta samu ba shi ne ke fitowa a jikin ɗanta. Faransawa da Italiyawa da mutanen Sifen duk suna kiran wannan tabo da kalmar da ke nufin kwaɗayi a harsunansu. Ke nan tunanin ya game ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, Musulminsu da Kiristansu.

Abin da aka gada daga Yunan

Tun a rubuce-rubucen da ake jingina wa Abuƙraɗ an ambaci mai cikin da ke sha'awar cin ƙasa ko gawayi, aka ce idan ta ci alamar abin za ta bayyana a kan jaririn. Amma wanda ya fi tsara bayanin shi ne Soranus, mutumin Afisa, wanda ya yi aikin likitanci a birnin Rum a farkon ƙarni na 2 na Miladiyya. Ya ce lalurar takan fara ne wajen kwana 40 da shigar ciki, ta ɗauki kimanin wata huɗu, kuma ya lissafa abubuwan da mata ke nema a lokacin: ƙasa, gawayi, ɗanyun 'ya'yan itace masu tsami. Yunanawa sun sa wa lalurar sunan wani tsuntsu dangin hankaka wanda ba ya zaɓen abin da yake haɗiya, kuma fassarar wannan suna zuwa Latin, wato *pica*, ita ce likitoci ke amfani da ita har yau. Shawarar Soranus ga ungozoma tana da ban sha'awa: a fara da lallashi, a nuna wa matar cewa abin da zai cuci cikinta zai cuci ɗanta, idan ta ƙi haƙura har damuwa ta kama ta, a jinkirta 'yan kwanaki, daga baya a ba ta kaɗan a tsakiyar abinci mai kyau, domin baƙin cikin rashin samu shi ma yana raunana jiki.

Wannan ilimi ya iso ga Musulmi ne galibi ta hanyar littattafan Jalinus da kuma kundin Bulus na Ajina, likitan da ya rayu a Iskandariyya a ƙarni na 7, wanda Larabawa suka yi wa laƙabi da *al-Ƙawabili* saboda yawan zuwan ungozomomi wurinsa neman shawara. An fassara kundinsa zuwa Larabci a zamanin Hunaini ɗan Is'haƙ (ya rasu 260H/873M). Babin farko na littafin farko a kundin yana magana ne a kan laulayin masu ciki, kuma a nan ya ba da shawarar a ba mai kwaɗayin ƙasa busasshen sitaci ta riƙa tauna a madadinta.

Bayanin da suka yi wa musabbabin lalurar shi ne wanda ya zauna a littattafan Larabci na tsawon ƙarnuka. A ganinsu jinin haila ne ke tsayawa domin ya zama abincin ɗan tayi. A watannin farko ɗan tayin ƙarami ne, ba ya iya cinye duk abin da ya taru, sai rarar ta hau zuwa bakin tumbi ta gurɓace, ita kuma gurɓatacciyar ɗabi'a sai ta riƙa neman abin da ya yi kama da ita. Idan cikin ya girma, ɗan tayi ya fara janye jinin duka, sai kwaɗayin ya lafa. Ilimin yau bai yarda da wannan bayani ba, amma ya kamata a yi masa adalci: ya dace da abin da ido ke gani, cewa laulayi yakan tsananta a watanni ukun farko sa'an nan ya sassauta.

Littattafan renon ciki

A ƙarni na 4 na Hijira aka sami littattafai biyu da aka keɓe kacokan ga renon ciki da jarirai, ɗaya a yamma ɗaya a gabas. Arib ɗan Sa'ad na Ƙurɗuba ya rubuta *Khalƙul Janin wa Tadbirul Habala wal Mauludin* a zamanin Halifa al-Hakam na Biyu, wanda ya yi mulkin Andalus daga 961 zuwa 976. An buga shi a Aljiyas a 1956 tare da fassarar Faransanci. Ahmad ɗan Muhammad al-Baladi kuwa, mutumin garin Balad kusa da Mausil, ya rubuta *Tadbirul Habala wal Aɗfal was Sibyan* domin Ya'aƙub ɗan Killis, wazirin Faɗimawa a Masar, kuma an buga shi a Bagadaza a 1980. Kasancewar halifa da waziri ne suka ɗauki nauyin irin waɗannan ayyuka yana nuna cewa lafiyar mai ciki ba a bar ta ga tsofaffin gida kaɗai ba.

Ibn Sina (ya rasu 428H/1037M) ya tattauna batun a wuri biyu a littafi na uku na *al-Ƙanun*: a ƙarƙashin cututtukan tumbi, inda ya yi magana a kan lalacewar sha'awar abinci, da kuma a fasalin kula da masu ciki. Jerin abubuwan da ya ce mai ciki ta nisanta zai ba Bahaushe mamaki, domin a ciki akwai wake da riɗi, tare da wani nau'in wake da Larabawa ke kira *himmas*. Dalilinsa shi ne an ɗauka cewa waɗannan suna tsinka jinin haila, abin da ke tsinka jini kuwa yana iya jawo ɓari. Ya kuma hana abubuwa masu yaji da masu ɗaci irin su ɗanyen zaitun, ya yi gargaɗi a kan tsaga jijiya da shan maganin wankin ciki, musamman kafin wata na huɗu da bayan na bakwai. A gefe guda ya yaba gurasa mai kyau da romo marar nauyi da zabibi da rumman da tuffa da safarjal. Da za a auna wannan jeri da ma'aunin yau, da an ce rabinsa nasiha ce mai amfani, rabinsa kuma ya hana mata abincin da suke matuƙar bukata. Likitan yau wake yake cewa mai ciki ta yawaita ci.

Ƙasar da ake saye da dinare

Akwai wani abu da mai karatun fiƙihu kan manta: a zamanin Abbasiyawa cin yumɓu bai taƙaita ga masu ciki ba. Kayan marmari ne na manya. A yankin Khurasan ana haƙo wani farin yumɓu, a gasa shi, wani lokaci a ƙamsasa shi, a kawo shi bayan abinci kamar yadda ake kawo goro. Al-Sa'alibi (ya rasu 429H/1038M), wanda shi kansa Banaisabure ne, ya lissafa shi cikin abubuwan da garinsu ke alfahari da su, ya ce ana kai shi ƙasashe masu nisa a yi wa sarakuna tsaraba da shi, har akan sayi awo ɗaya na *riɗl* a kan dinare guda a Masar da Magrib. Ana danganta wa Amru ɗan Laisu, sarkin Saffariyawa, cewa ya kafa hujjar yaƙinsa a kan Naisabur da cewa gari ne wanda duwatsunsa firuza ne, ƙasarsa kuma abin taunawa ce. A cikin jerin ayyukan Abubakar al-Razi (ya rasu 313H/925M) akwai wata maƙala a kan amfanin wannan yumɓu. Ban da shi akwai jan yumɓun Armeniya, wanda tun zamanin Jalinus ake sha a matsayin magani.

Ibn Abi Usaibi'a ya kawo labari a littafinsa na tarihin likitoci cewa Hajjaju ɗan Yusuf ya kamu da cin yumɓu, sai ya tambayi likitansa Tayazuƙ maganin abin. Likitan ya amsa masa da cewa maganin shi ne ƙudurin zuciya irin na sarki kamarsa. Hajjaju ya jefar da abin da ke hannunsa, bai sake komawa ba. Ko labarin ya faru ko an ƙawata shi, yana nuna cewa likitoci sun ɗauki abin a matsayin jaraba mai wuyar bari, kuma sun san ƙarshenta: fatar jiki ta ɗashe, hanta da saifa su toshe, ciki ya kumbura.

A cikin wannan yanayi ne hadisai masu tsananta hani a kan cin yumɓu suka yaɗu. Wasu na kamanta mai cinsa da wanda ya taimaka wajen kashe kansa, wasu na jingina hanin ga wata nasiha da aka ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Malaman hadisi ba su karɓe su ba. Al-Baihaƙi (ya rasu 458H/1066M) ya buɗe wa mas'alar babi a *as-Sunanul Kubra* ya bayyana cewa babu ɗaya da ya inganta. Ibn al-Jauzi (ya rasu 597H/1201M) ya sanya su cikin littafinsa na ƙagaggun hadisai, Ibn al-Ƙayyim (ya rasu 751H/1350M) ya tabbatar da haka a *Zadul Ma'ad*, tare da cewa shi kansa yana ganin yumɓu abu ne mai cutarwa da ke toshe hanyoyin jini. An ruwaito daga Imam Ahmad tun kafin su cewa yana ƙin cin yumɓu saboda cutarwarsa, alhali yana faɗin cewa babu hadisin da ya inganta a kai.

Wannan matsayi abin koyi ne. Malaman sun yarda da likitoci cewa abin yana cutarwa, kuma sun san cewa hadisin tsoratarwa zai fi saurin hana talakawa fiye da bayanin likita, amma ba su yarda a kare lafiyar mutane da ƙarya ga Annabi ba. Haka suka yi wa ɗaya ɓangaren, wato ruwayoyin da ke kwaɗaitar da a ciyar da masu ciki lubban domin ɗa ya yi kaifin basira, ko safarjal domin ya yi kyau. Su ma ba su tsallake sikelin isnadi ba. Ko dabino, wanda Suratu Maryam (aya ta 25 da 26) ta ba da labarin yadda aka umarci Nana Maryam ta girgizo shi ta ci a lokacin haihuwa, malamai sun rarrabe tsakanin abin da magabata irin su Rabi'u ɗan Khusaim suka fahimta daga ayar, cewa ɗanyen dabino shi ne mafi alheri ga mai jego, da kuma lafuzzan da aka ƙaga aka ɗora wa Manzon Allah a kan haka. Na farko istinbaɗi ne karɓaɓɓe, na biyu kuwa an yi watsi da shi. Abin takaici, irin waɗannan ruwayoyi sun dawo suna yawo a ƙananan littattafan magungunan Musulunci da bakin masu tallar magani a mota.

Hukunci ba tare da nassi ba

Da yake babu nassi ingantacce, sai hukuncin cin yumɓu ya rataya a kan abu ɗaya, wato cutarwa, kuma daga nan saɓani ya taso. A Mazhabar Malik an ruwaito karhanci daga Ibn al-Mawwaz, haramci daga Ibn al-Majishun, kuma waɗannan su ne zantuka biyun da Halil ya yi nuni gare su. Shehu Ahmad al-Dardir (ya rasu 1201H/1786M) ya rinjayar da hani. Da yawa daga Shafi'awa sun haramta. Hambalawa sun karhanta, amma Ibn Ƙudama ya cire yumɓun Armeniya da ake sha don magani, da kuma ɗan kaɗan da ba ya cutarwa. Hanafawa, waɗanda suka fi kowa zama a ƙasashen da ake cin yumɓu, sun fi kowa faɗaɗa rassan mas'alar. A *Nurul Idah* na al-Shurunbulali (ya rasu 1069H/1659M) an ce wanda ya ci yumɓun da ba na Armeniya ba da rana a Ramalana da gangan, idan ya saba cinsa, kaffara ta hau kansa, saboda a wurinsa ya zama abinci. Wanda bai saba ba ramuwa kawai zai yi. A *al-Fatawal Hindiyya*, wadda aka tattara a zamanin Sarki Aurangzeb, an ce ana hana matar da ta saba cin yumɓu idan yana rage mata kyau. Wannan illa ta ƙarshe tana iya sa mai karatu ya ɗaga gira, amma ɗashewar fuska da suke nufi ita ce alamar da likita zai kira ƙarancin jini.

To, a cikin wannan saɓani ne Malikawan baya suka keɓe mai ciki, suna jingina rangwamen ga Ibn Gallab. Sun gindaya sharaɗi biyu: ta kasance tana tsananin marmarinsa, kuma tana tsoron cutuwar abin da ke cikinta idan ta bari. Sharaɗi na biyu shi ne ginshiƙi. Bai zo don a faranta wa matar rai ba. Ya zo ne domin an yi imani, kamar yadda likitocin zamanin da ungozomomi suka yi imani, cewa kwaɗayin da ba a biya ba yana iya zubar da ciki. An auna cutarwa biyu, aka ɗauki mafi sauƙi.

Inda wannan imani ya fi fitowa fili shi ne babin diyya. Asalin hukuncin ɗan tayi hadisin mata biyu ne na ƙabilar Huzail, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito: ɗaya ta jefi ɗaya da dutse cikinta ya zube, sai Manzon Allah ya hukunta biyan *gurra*, bawa ko baiwa. A *Muwaɗɗa* an ƙiyasta ta da dinare 50 ko dirhami 600, wato kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwar. Masu sharhin Halil sun ce zubar da ciki na iya faruwa ta duka, ko tsoratarwa, ko shaƙar wari ko ƙamshi. Daga nan al-Dasuƙi (ya rasu 1230H/1815M) ya kawo wata sura mai ban mamaki. Mai ciki ta ji ƙamshin kifi ko soyayyen cuku daga gidan maƙwabta. Wajibi ne a kanta ta roƙa. Idan kunya ta hana ta, su kuma ba su san tana da ciki ba, har ta yi ɓari, to gurra a kanta take, domin ita ta yi sakaci. Idan ta roƙa suka hana, su za su biya. Idan kuwa sun san tana da ciki, sun kuma san ƙamshin na iya jawo mata ɓari, suka ƙi aika mata, za su biya ko da ba ta roƙa ba. An sharɗanta a sami shaida cewa tun daga lokacin da ta shaƙi ƙamshin take kwance har cikin ya zube.

Yana da kyau a dakata a kan wannan sura, domin ta mayar da kwaɗayin mai ciki haƙƙi wanda ke hawa kan unguwa baki ɗaya, kuma ta ɗauke wa matar nauyin kunya, ta mayar da roƙonta wajibi. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa na gargajiya ya san al'adar zuba wa mai ciki ɗan abin da aka dafa a miƙa mata ta katanga, kada ranta ya biya. Tunanin ya girmi hashiyoyin Masar nesa ba kusa ba: a cikin Mishna, kundin dokokin Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, an ce mai cikin da ta ji ƙamshin abinci a ranar babban azuminsu a ba ta ta ci har hankalinta ya kwanta. Wannan bai nuna wani ya ara daga wani ba; ya nuna dai al'ummomin yankin sun yi tarayya a fahimta ɗaya game da jikin mace.

Shafi'awan Masar na ƙarni na 10 na Hijira sun shigar da batun ta ƙofar ciyarwa. A hashiyoyinsu an ce ya kamata ya zama wajibi a kan miji ya samar wa matarsa abin da take nema a lokacin waham, irin su kifin gishiri da Misrawa ke kira *muluha*, idan al'ada ta gudana a kan haka, kuma a jimla guda suka haɗa shi da gahawa, wadda a lokacin sabon abu ce. Malikawa kuma sun wajabta masa ladan ungozoma da abin da aka saba ba mai haihuwa don ta yi ƙarfi, kamar 'yan kaji da hulba da zuma.

Batun azumi sananne ne ga masu karatu, don haka ba sai an tsawaita ba. Hadisin Anas ɗan Malik al-Ka'abi a littattafan Sunan ya tabbatar da sauƙi ga mai ciki da mai shayarwa, Ibn Rushd ya kawo zantuka huɗu game da ramuwa da ciyarwa, *Risala* ta Ibn Abi Zaid (ya rasu 386H/996M) ta gabatar da cewa mai cikin da ta ji tsoro ta sha ba tare da ciyarwa ba. Abin da ba a cika ambata ba shi ne abin da al-Khaɗib al-Shirbini (ya rasu 977H/1570M) ya naƙalto daga al-Mawardi: matar da ta ji tsoron ɓari amma ta dage ta yi azumi, ko da na Ramalana ne, har cikin ya zube, za ta biya gurra kuma ba za ta ci gadon komai daga cikinta ba.

Bayan da likitanci ya sauya

A 1961 likita Ananda Prasad da abokan aikinsa suka wallafa bayanin wasu samari a Shiraz ta ƙasar Iran masu cin yumɓu, waɗanda ke fama da ƙarancin jini, kumburin hanta da saifa, da tsumburewa. Alamomin su ne waɗanda likitocin Khurasan suka lissafa shekaru dubu kafin nan, a ƙasa guda. A 1968 wani bincike da aka yi a Ankara ya nuna cewa wasu nau'o'in yumɓu na kama sinadarin ƙarfe a cikin hanji su hana jiki tsotsarsa. Alaƙar kuma tana tafiya ta fuska biyu: ƙarancin sinadarin ƙarfe kansa yana tayar da sha'awar cin ƙasa ko ƙanƙara, kuma sau da yawa sha'awar kan gushe idan aka magance ƙarancin. Wasu masu bincike na ganin yumɓu yana lafar da tashin zuciya, yana kuma kama wasu gubobi a ciki, abin da zai bayyana dalilin da ya sa mata a nahiyoyi daban-daban suka dace a kansa. Amma ƙasar da ba a tace ba tana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, kuma hukumomin kula da abinci a Birtaniya da Amurka sun yi gargaɗi a kan farar ƙasar da ake kai musu daga Afirka ta Yamma saboda dalmar da aka samu a cikinta. Dalma tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi, kuma bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 babu mai bukatar a yi masa dogon bayani a kan gubarta.

A nan ne rangwamen Ibn Gallab ke bukatar sabon nazari. An gina shi a kan cewa barin yumɓu na barazana ga ɗan tayi, cinsa kuma cutarwa ce ga uwa wadda za a iya jurewa. Likitancin yau bai tabbatar da cewa rashin biyan kwaɗayi na zubar da ciki ko yana barin tabo a fatar jariri ba, alhali ya tabbatar da cewa cin yumɓu na iya cutar da uwa da ɗa gaba ɗaya. Ma'aunin malaman bai canza ba, wato kare abin da ke ciki. Abin da aka ɗora a kan ma'aunin ne ya canza. Al-Ƙarafi (ya rasu 684H/1285M) ya yi kakkausan gargaɗi ga muftin da ke daskarewa a kan abin da ke rubuce alhali al'adar da aka gina hukuncin a kanta ta sauya, kuma abin da ya faɗa game da al'ada ya fi cancanta a faɗe shi game da bayanin likita. Muftin da mace ta tambaya yau game da farar ƙasa, idan ya karanta mata hashiya ya tsaya, ya riƙe lafazin malaman ya saki manufarsu. Abin da ya fi kusa da manufar shi ne ya tura ta awon ciki a duba jininta, ya kuma tunatar da mijin cewa kuɗin awo da magani da abinci mai gina jiki sun fi kifin gishiri cancantar shiga cikin ciyarwar da al'ada ta wajabta.

Wannan ma'auni bai tsaya ga yumɓu ba. A ƙasar Hausa ana hana mai tsohon ciki rake da zuma da sukari don gudun abin da ake kira zaƙi, wanda aka yi imani yana tsawaita naƙuda, ana kuma ba ta jiƙe-jiƙe masu ɗaci waɗanda ba a san adadin abin da ke cikinsu ba. Bayan haihuwa kuma ga kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazarin matan Zariya da kewaye da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta yawaitar ciwon da gishirin da ke cikin kanwa haɗe da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan al'adu da ke da nassi a bayansa, ko da yake tsawon kwana arba'in ɗin jego yakan sa wasu su zaci duk abin da ake yi a cikinsu addini ne. Hukuncinsu, kamar na yumɓu a wurin Imam Ahmad, yana bin abin da ya tabbata na amfani ko cutarwa, kuma masu tabbatar da hakan a wannan zamani su ne likitoci da ungozomomin da suka yi karatun aikin, kamar yadda al-Dasuƙi ya dogara da abin da masana jikin mata na Alƙahira suka sani a zamaninsa.